Bahasi a Kan Tsohuwar Kwamfuta da Makwaikwayiyarta

Akwai wata mas'ala da ta fara yawaita a bakin malaman da ke koyar da ilmin kwamfuta a kudancin Jigawa, tun daga Birnin Kudu har Gwaram da garuruwan da ke tsakaninsu, wadda ko da yake a zahiri ƙarama ce, har mai wucewa zai ce ba ta cancanci a ɓata mata tawada a jarida ba, na ga ya wajaba a tsaya a yi mata bahasi tun kafin a zartar da hukuncin da ba ya warwaruwa. Mas'alar kuwa ita ce, tun da yake yanzu an sami manhajojin kwaikwayo, waɗanda masu sana'ar ke kira emuleta, masu iya sa kwamfutar zamani ta rikiɗe ta koma tamkar ta shekara talatin da suka wuce, ta karɓi umarnin da waccan ke karɓa, ta mayar da jawabin da waccan ke mayarwa, shin akwai sauran hujjar da za ta sa makaranta ko asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma su ci gaba da ajiye tsofaffin na'urorin da ke jibge a sito suna shan ƙurar hunturu, ko kuwa maslaha ita ce a kira 'yan gwangwan su ɗora su a sikeli, su biya, kowa ya huta? Ni dai abin da ya rinjaya a gare ni shi ne kada a sayar da su duka, domin akwai babi guda na ilmin kwamfuta, watau babin sadarwa, wanda kwaikwayo bai isar a cikinsa ba, kuma babu alamar zai isar nan kusa.

Adalci ya hukunta a fara da ba makwaikwayiya haƙƙinta, gama fa'idarta ba ta ɓoyuwa sai ga mai taurin kai. A shekarar 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tara bayanai da hotuna na ƙasar Birtaniya daga hannun mutane kusan miliyan guda, galibinsu yaran makaranta, domin tunawa da cikar shekara 900 da rubuta wani kundin ƙidayar filaye da dukiya mai suna Domesday, aka zuba su a wasu manyan fayafayai da ba sa karantuwa sai da wata na'ura ta musamman. Ba a cika shekara ashirin ba sai da na'urorin suka kusa ƙarewa a duniya, aka wayi gari kundin asali na shekarar 1086, wanda aka rubuta da alƙalami a kan fata, yana nan ana karanta shi, alhali kuwa na zamani ya kusa zama kurma. Ba don masana daga jami'ar Leeds da ta Michigan sun rubuta manhajar da ta kwaikwayi waccan na'ura a shekarar 2002 ba, da wahalar yaran nan ta shiga hatsari babba. Haka kuma MAME, wadda aka fara a 1997, ta tsare dubban wasannin da akwatunansu suka ruɓe, DOSBox ta 2002 ta rayar da manhajojin zamanin DOS, QEMU kuwa, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar a 2003, ta kai ga ana dogara da ita a manyan ma'aikatu. Dukansu kyauta ake samunsu, ba sa cin wuri, ba sa tsoron gara, kuma ɗalibi a Basirka zai iya ɗauke su a ɗan filashin da bai kai tsawon yatsa ba. Wanda duk ya ce a yi watsi da wannan ni'ima bai yi wa ɗalibai nasiha ba.

Sai dai duk wannan ƙwarewa ta tsaya ne a kan abin da kwamfuta ke yi ita kaɗai a cikin cikinta, na lissafi da rubutu da zane, domin waɗannan umarni ne da ake iya fassarawa ɗaya bayan ɗaya daga harshen tsohuwar ƙwaƙwalwa zuwa na sabuwa ba tare da an rasa kome ba. Amma da zarar an zo kan mu'amala, watau maganar kwamfuta da 'yar'uwarta, sai al'amari ya sake, saboda tsohuwar kwamfutar da ke zaune cikin manhaja baƙuwa ce, ba ta da waya tata, ba ta da kafar da za a soka waya, kuma duk da an ruɗe ta an ce mata tana da katin sadarwa irin NE2000 da kamfanin Novell ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1980, haƙiƙanin lamari shi ne duk saƙon da ta aika sai ya biya ta hannun mai masaukinta, shi kuwa ba ya isar da saƙo sai wanda ya gane, ta hanyar da ya iya, a lokacin da ya sami sarari.

Hanyar da aka fi bi, domin ita ce ba ta bukatar izini ko gyare-gyare, ta samo asali ne daga wata manhaja mai suna Slirp da Danny Gasparovski ya rubuta a Ostareliya a shekarar 1995. A wannan hanya ana ba baƙuwa adireshi na cikin gida wanda ba a san shi a waje ba (wanda ya taɓa buɗe QEMU ya san lambar nan 10.0.2.15 da take ba kowa), sai mai masauki ya riƙa karɓar saƙonninta yana sake rubuta su da sunansa yana aikawa. Illar wannan tsari uku ce a dunƙule wuri guda: baƙuwa tana iya kira amma ba a iya kiranta sai an buɗe mata ƙofa ta musamman da hannu; ɗan gwajin nan na ping, wanda shi ne abu na farko da ake koya wa kowane ɗalibin sadarwa domin ya san ko hanya a buɗe take, sau da yawa ba ya aiki yadda ya kamata; sa'an nan, wanda ya fi muni, Slirp ba ta jin kowane harshe sai na intanet. Alhali kuwa ofisoshin shekarun 1980 da 1990 ba da harshe guda suke magana ba. Injunan Novell NetWare da IPX suke magana, na Apple da AppleTalk, na Windows na farko da NetBEUI, na kamfanin Digital da DECnet, kuma duk saƙon da ya fito da ɗayan waɗannan harsuna, idan ya iso wurin wannan mai masauki, sai ya faɗi ƙasa shiru, babu ko sanarwar cewa ya faɗi.

Masana za su ce akwai hanya ta biyu, wadda ake gina gada tsakanin katin ƙarya na baƙuwa da katin gaskiya na mai masauki, ta yadda saƙonni za su fita kamar yadda aka rubuta su. Gaskiya ne akwai ta, kuma idan waya ce aka soka tana aiki. Amma a nan ne halin da muke ciki a wannan yanki ya shigo cikin mas'alar, domin mu ba mu gaji wayoyin ƙarƙashin ƙasa ba. Mafi yawan wanda ke shiga intanet a Birnin Kudu ko Sara ko Babaldu ta wayar hannu yake shiga, ko ya kunna mata Wi-Fi ya jona kwamfutarsa, ko ya sayi ɗan akwatin nan mai cin layi. Ita kuwa ƙa'idar Wi-Fi, bisa yadda aka tsara ta, ba ta karɓar saƙo daga katin da bai yi rajista da ita da lambarsa ba, saboda haka da zarar baƙuwa ta turo saƙo da tata lambar sai a jefar, gadar ta zama ado. Ƙari a kan haka, adiresoshin intanet na tsohon tsari, waɗanda adadinsu bai wuce biliyan 4.3 ba, babban rumbunsu ya ƙare tun watan Fabrairu na 2011, shi ya sa kamfanonin waya ke cusa ɗimbin masu layi a bayan adireshi guda. Ke nan mai masaukin ma baƙo ne a gidan wani, ina kuma ga baƙuwarsa? Ɗalibi biyu, ɗaya a Gwaram ɗaya a Birnin Kudu, da suka ƙuduri haɗa tsofaffin injunansu na kwaikwayo kai tsaye, za su yini suna zargin jahilcinsu, alhali hanyar ce a toshe tun daga sama.

Marubutan DOSBox sun yi wata dabara abar yabo, suka sa tana naɗe saƙon IPX a cikin saƙon intanet ta aika, domin masu son wasan Doom na 1993, wanda mutum huɗu ke iya bugawa tare, su sami biyan bukata. Dabarar ta yi aiki, amma da sharaɗin wanda ke ɗaya gefen shi ma DOSBox ce. In aka ajiye tsohon inji na gaske kusa da ita ba za su gane juna ba sai an sake nemo wani tafinta.

Akwai kuma sha'anin lokaci, wanda shi ne ya fi ɓuya ga wanda bai taɓa aiki da ƙarfe ba. Yawancin tsofaffin na'urorin auna jini da makamantansu a ɗakunan gwaji na asibitoci, da sikelin zamani, da injunan buga takardu, ta kafar nan mai ƙusoshi tara da ake kira RS-232 suke magana da kwamfuta, wasu kuma da kati na musamman da ake sokawa a ramin ISA, wanda mafi yawan allunan kwamfutar yau ba su da shi. Idan tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa irin wannan na'ura ta mutu, aka ce za a maye gurbinta da manhajar kwaikwayo da 'yar wayar da ke juya USB ta koma RS-232, sai a tarar wasu shahararrun irin waɗannan wayoyi suna riƙe saƙo har kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa kafin su miƙa shi, masu araha kuma ƙarfin wutar da suke fitarwa bai kai bolt 12 da tsofaffin injuna suka saba bayarwa ba. A wurin ɗan Adam wannan jinkiri ba kome ba ne, ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa, amma a wurin na'urar da aka gina ta a kan ta ji amsa cikin ƙayyadadden lokaci ko ta ɗauka an katse, ya isa ya ɓata aiki. Gari irin Birnin Kudu, mai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya, bai kamata masu gyaran na'urorinsa su jahilci wannan babi ba, kuma ba a koyonsa sai da na'ura biyu na gaske da waya a tsakaninsu.

Mutanen Birnin Kudu suna da abin da zai sawwaƙe musu fahimtar wannan bambanci a bayan garinsu. Zanen shanun nan marasa tozo da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude an ɗauki hotonsu an buga a littattafai, har wanda ke zaune a Landan yana iya ƙirga ƙahoninsu ya yi ta'aliki a kansu ba tare da ya taka ƙasar Hausa ba, kuma iliminsa ingantacce ne gwargwadon abin da hoto ke ɗauka. Amma duwatsun nan masu amo, waɗanda Bernard Fagg na gidan tarihin Jos ya rubuta labarinsu a 1955 bayan mutanen gari sun daɗe da saninsu, ko an naɗi sautinsu a faifai, faifan ba zai gaya maka iyakar inda amon ke kaiwa ba, ko yadda iska ke karkatar da shi, ko wane ne ke iya jinsa daga wane tudu har ya amsa, domin wannan ya rataya ne a kan zaman dutsen da kogon da ke ƙarƙashinsa da sararin da ke gabansa. Makwaikwayiya ta kama zanen, ta kama har sautin, amma tafiyar amon daga wuri zuwa wuri tana nan a jikin dutsen.

Inda abin ya fi damuna shi ne ajin koyarwa. Ɗalibanmu da ke karanta sadarwa a kwalejojin fasaha yawancinsu da manhajar Packet Tracer ta kamfanin Cisco suke koyo, waɗanda suka zurfafa kuma su koma GNS3, wadda ta ginu tun asali a kan Dynamips da Christophe Fillot ya rubuta a 2005 domin kwaikwayon rautocin Cisco, watau akwatunan da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Ita kanta Dynamips, duk da ta iya kwaikwayon ƙwaƙwalwar rauta har ta ɗauki manhajarta ta asali, ta gaza kwaikwayon manyan akwatunan rarraba layi na Catalyst, saboda aikinsu a cikin wasu keɓaɓɓun ƙwayoyin lantarki yake gudana, waɗanda kamfanin bai bayyana sirrinsu ba. Wannan kuwa sananne ne a wurin ma'abota fannin, ba su ɓoye shi. To, a cikin waɗannan manhajoji ɗalibi yana jan layi da linzami daga wannan akwati zuwa wancan, fitila ta yi kore, ya ci maki. Wayar da ya ja ba ta da tsawo, ba ta tsinkewa, ɓera bai taɓa cin ta ba, tsawar damina ba ta taɓa bi ta cikinta ta ƙona kafa takwas a dare ɗaya ba. Bai san cewa wayar sadarwa ta jan ƙarfe ba ta wuce mita 100 ba tare da an sa abin da zai sabunta ƙarfinta ba, ko kuwa ya sani a takarda amma bai taɓa ganin yadda saƙo ke rarrauna a mita ɗari da talatin ba. Bai san cewa silla takwas ɗin da ke cikinta an murɗe su biyu-biyu ne da hikima, har in mai matse kai ya raba ma'aurata ya haɗa kowace da baƙuwa, ƙaramin abin gwaji zai nuna masa duk silla ta isa, amma sadarwa ta riƙa yankewa ba dalili bayyananne. Wannan irin ilmi na mujarrabi ne, a yatsu yake zama, kuma shi ake biya a kasuwa: tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, tana sharɗanta wa kowace cibiya kwamfuta 250 da 'yan ko-ta-kwana, duka a jone da waya zuwa uwar garke, kuma ranar jarrabawa idan layi ɗaya ya ɗauke, wanda ya san filaya da kan waya ake nema ruwa a jallo.

Tsohon ƙarfe kuwa malami ne da ya fi sabo iya bayani, saboda aibinsa a fili yake. Wayar nan mai kama da ta eriyar talabijin, wadda ake jera kwamfutoci a kanta har tsawon mita 185, in aka cire ɗan murfin da ke toshe ƙarshenta sai dukan layin ya mutu nan take, ɗalibi ya gani da idonsa cewa saƙo wuta ce mai tafiya, mai dawowa in ba ta sami abin da zai shanye ta ba. Tsohon akwatin rarraba layi mai gudun megabit 10 yana da fitilar da ke ƙiftawa duk lokacin da kwamfuta biyu suka yi magana tare saƙonninsu suka yi karo, sai darasin da malami ke shan wahalar zanawa a allo ya bayyana cikin minti guda.

Ba zan ɓoye hujjar abokan jayayya ba, domin tana da nauyi. Suna cewa tsohon injin ma ai ba ya iya shiga intanet ɗin yau, kuma sun yi gaskiya: tun wajen 2020 manyan manhajojin shiga yanar gizo da shafuka suka yi watsi da tsofaffin hanyoyin kulle saƙo, saboda haka Windows 98, ko a ƙarfe take ko a kwaikwayo, ba za ta buɗe shafin banki ba. Windows XP ma kamfaninta ya janye mata kariya tun 8 ga Afrilu 2014, kuma annobar WannaCry ta watan Mayu 2017, wadda ta bi ta wata tsohuwar ƙa'idar musayar fayil ta shiga ƙasashe kusan 150 har ta sa asibitocin Ingila soke ganin dubban marasa lafiya, ta isa izina ga mai tunanin jona tsohon inji da duniya. Suna kuma cewa zafin bazara da ƙura da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni suna kashe tsofaffin alluna, ga kuma injunan farkon shekarun 2000 da aka san su da kumburin ƙananan tulunan ajiye wuta. Duk na sallama. Amma abin da hujjar ta tabbatar shi ne kada a jona tsohon inji da intanet, kuma kada a ɗora masa amanar aikin yau da kullum. Ba ta tabbatar da a narkar da shi ba. Muhallinsa ɗaki ne rufaffe, inda injuna biyar ko shida za su yi magana a tsakaninsu kawai, a kunna su sa'a biyu a mako, wanda ko ƙaramin janareta ko 'yan allunan sola sun ɗauke shi.

Jihar Jigawa tana da dalili na musamman da zai hana ta gaggawa a wannan al'amari. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna a Nijeriya da rungumar fasahar sadarwa tun sauran jihohi ba su farga ba, aka kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy, a daidai lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar a 2001. Intanet ɗin wancan zamani a Arewa ta faranti ake samunsa, daga tauraron ɗan Adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786, ta yadda tambaya za ta hau ta sauko, amsa ma ta hau ta sauko, a ci kusan rabin daƙiƙa kafin harafi ɗaya ya dawo, ko da kuwa babu cunkoso. Ko mutum ya yaba wa waccan siyasa ko ya kushe ta, injuna da rautoci da farantai da suka saura daga wancan lokaci su ne shaidun yadda wannan jiha ta fara magana da duniya, kuma babu wani a Turai ko Amurka da zai zauna ya rubuta manhajar da za ta kwaikwayi yadda aka haɗa su a Dutse ko Kazaure. In sun shiga buhun ɗan gwangwan, an fasa su domin 'yar tagullar da ke ciki, shi ke nan.

Abin da nake roƙon Ma'aikatar Ilmi da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram ba mai tsada ba ne. Kafin kwamitin da ke tantance kayan gwamnati ya sa hannu a yi gwanjon abin da ke sito, a bar malamin kwamfuta na makaranta mafi kusa ya shiga ya zaɓi abin da ke da sauran rai, da katunansu da wayoyinsu da littattafan da suka zo da su, a rubuta su a rajista a matsayin wakafi ga ɗalibai domin kada wani ya ɗauke su a ɓoye. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu a cikinta, ba za ta rasa ɗaki guda da tsofaffin ɗalibanta za su gyara domin wannan ba, makarantun Gwaram kuma su riƙa kawo nasu yaran zango-zango. A cikin ɗakin nan ne kuma makwaikwayiya za ta yi aikin da ta fi kowa iyawa, domin kamfanin Sony ya daina ƙera faifan fulofi tun 2011, waɗanda ke hannu kuwa suna lalacewa a cikin zafinmu, saboda haka aikin farko da za a ba ɗalibai shi ne su kwafe abin da ke cikin kowane faifai da kowane rumbun tsohon inji zuwa sabuwar ma'ajiya, su gwada shi a QEMU su tabbatar ya tashi, sa'an nan su koma kan teburi su yanka waya, su matse kai, su haɗa injunan da hannunsu.